Shin “inkonkulusib” na Kano a 2019 doka ce ko dabara?

Wani matashi ɗalibin jami'a ya turo mini wannan tambaya: “Malam, lokacin zaɓen gwamnan Kano na 2019 ina sakandare, ban kai jefa ƙuri'a ba. A gidanmu an rabu biyu. Babana ya ce Abba ne ya ci aka ƙwace, kawuna ya ce doka aka bi kuma kotuna uku sun tabbatar. Don Allah a yi mini bayanin alƙaluman, da abin da ake nufi da zaɓen da bai kammala ba. Ta yaya wanda yake gaba zai koma baya?”

To ƙanena, ka ɗauko magana mai zafi. Har gobe idan aka tayar da ita a majalisar shayi a Fagge ko Kurna, sai an yi rantse-rantse kafin a tashi. Zan gaya maka yadda na fahimci lamarin bayan shekarun da na yi ina bibiyar dokokin zaɓe da takardun sakamako, kuma tun farko ka sani cewa babanka da kawunka kowa yana riƙe da wani yanki na gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Kawunka yana maganar sanarwar ranar 11 ga Maris da hukuncin kotu. Babanka yana maganar abin da ya faru ranar 23 ga Maris. Idan ba ka raba waɗannan biyun ba, har a naɗe ƙasa ba za ku gama gardamar ba.

Bari mu fara da alƙaluma. An yi zaɓen gwamna ranar Asabar, 9 ga Maris 2019. Gwamna mai ci, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, ya tsaya a APC yana neman wa'adi na biyu. Injiniya Abba Kabir Yusuf, wanda aka fi sani da Abba Gida-Gida, tsohon kwamishinan ayyuka a gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015, ya tsaya a PDP. Malam Salihu Sagir Takai yana PRP, amma kowa ya san kokawar ta mutum biyu ce. Da aka gama tattara sakamako, baturen zaɓe Farfesa Bello Shehu ya karanta cewa Abba yana da ƙuri'a 1,014,474, Ganduje kuma 987,819. Tazara 26,655. Sai ya ce zaɓen bai kammala ba, wato inkonkulusib, kuma ba zai bayyana wanda ya ci ba, domin yawan masu rajista a rumfunan da aka soke zaɓensu ya haura dubu ɗari, wato ya ninka tazarar sau huɗu da wani abu. Aka sa ranar 23 ga Maris don ƙarasa zaɓe a waɗannan rumfuna kawai. A wannan ƙarashen Ganduje ya samu 45,876, Abba ya samu 10,239. Da aka haɗa, Ganduje ya tashi da 1,033,695, Abba 1,024,713. Tazarar ƙarshe 8,982, a jihar da take da masu rajista sama da miliyan biyar da dubu ɗari huɗu.

Kafin mu shiga doka, ka lura da wani abu da ya sa sakamakon farko ya girgiza mutane. Makonni biyu kacal kafin nan, ranar 23 ga Fabrairu, Muhammadu Buhari ya kwashi ƙuri'a 1,464,768 a Kano, Atiku Abubakar na PDP ya samu 391,593. APC ta lashe kujerun sanata uku, har da Kano ta Tsakiya inda Malam Ibrahim Shekarau ya ci. Duk mai lissafi daga nesa zai ce gwamna ya riga ya haye. Amma Bakano ya iya raba ƙafa. Mutanen da suka dangwala wa Buhari, dubbai daga cikinsu sun koma sun dangwala wa lema a zaɓen gwamna. APC ta zubar da kusan rabin miliyan cikin kwana goma sha huɗu, PDP kuma ta ƙaru da sama da dubu ɗari shida. Dalilan a bayyane suke: rabuwar Ganduje da Kwankwaso da ta kai ga Kwankwaso ya koma PDP a 2018 da jama'arsa masu jar hula, da bidiyon dala da jaridar Daily Nigerian ta fitar a Oktoban 2018, wanda gwamnan ya musanta amma ya yi masa illa a birni. Ga kuma tsohuwar ɗabi'ar Kanawa ta juya wa mai mulki baya, wadda Kwankwaso da kansa ya ɗanɗana a 2003 a hannun Shekarau. Ƙarfin Abba a cikin birni da kewaye yake, na Ganduje ya fi yawa a karkara.

Yanzu ga dokar. Sashe na 179 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda zai zama gwamna sai ya cika sharuɗɗa biyu: ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Kano tana da 44, don haka ana neman 30. A nan ne magoya bayan Abba suke kafa hujja. Suna cewa kundin tsarin mulki bai ambaci wata tazara ba, bai ce a kwatanta ta da ƙuri'un da aka soke ba, ɗan takararsu ya fi yawan ƙuri'a kuma ya samu yaɗuwar da ake buƙata, me ya rage? Hujja ce mai ma'ana, kuma manyan lauyoyi sun daɗe suna yin ta.

Sai dai tana da rauni a wuri ɗaya. Ba za ka ce wane ya fi yawan ƙuri'a ba sai an gama jefa ƙuri'ar. Ka ɗauka ana zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, mutum ɗari ne mambobi, tamanin sun zaɓa, Audu ya samu 42, Tanko 38, sai wuta ta tashi kafin sauran ashirin su zaɓa. Idan ka ce Audu ya ci, ka zalunci ashirin ɗin nan, domin su kaɗai sun isa su juya sakamakon. Idan kuwa mutum uku ne suka rage, ko duka suka bi Tanko bai kamo Audu ba, to babu amfanin jiran su. Wannan shi ne duk abin da ake kira ƙa'idar tazara. Dokar zaɓe ta 2010, wadda ita ce take aiki a 2019, ta ce a sashe na 53 idan ƙuri'un da aka jefa a rumfa sun fi yawan masu rajista, a soke sakamakon rumfar, kuma kada a sanar da sakamakon mazaɓar sai an sake zaɓe a can, sai fa idan hukumar ta gamsu cewa sakewar ba za ta canza komai ba. Hukumar INEC ta ɗauki wannan ta faɗaɗa shi a cikin ƙa'idojinta, ya haɗa da rumfunan da aka soke saboda rikici, da waɗanda ba a yi zaɓe a cikinsu ba gaba ɗaya.

Kuma ba a kan Kano aka fara ba. A Kogi a 2015, Abubakar Audu na APC yana gaban gwamna Idris Wada da ƙuri'a 41,353, waɗanda aka soke kuma 49,953, aka ce zaɓe bai kammala ba. Audu ya rasu a daidai wannan lokaci, APC ta kawo Yahaya Bello ya ƙarasa, mataimakin Audu wato James Faleke ya tafi kotu yana cewa ai an riga an ci zaɓe tun ranar farko. Kotun Ƙoli a 2016 ba ta yarda da shi ba. Tun daga wannan hukunci ƙa'idar ta samu gindin zama. A Osun a 2018 Ademola Adeleke na PDP yana gaba da 353, aka ƙarasa a rumfuna bakwai, Gboyega Oyetola na APC ya ci da 482. A 2019 ɗin kanta jihohi shida ne aka ce zaɓensu bai kammala ba: Kano, Sakkwato, Bauchi, Adamawa, Binuwai da Filato. Abin da masu cewa an ƙirƙiro inkonkulusib ne don a ceci APC suke mantawa shi ne, a huɗu daga cikin shidan PDP ce ta ci bayan ƙarashen. Aminu Waziri Tambuwal ya tsira a Sakkwato da ƙuri'a 342 kacal. Bala Muhammad ya kayar da gwamna mai ci a Bauchi, Ahmadu Fintiri ya kayar da gwamna mai ci a Adamawa, Samuel Ortom ya riƙe Binuwai. A Filato Simon Lalong na APC ne dama yake gaba, kuma ya ci. Kano ce kaɗai a cikin shidan inda wanda yake gaba a zagayen farko ya koma baya.

Don haka idan tambayarka ita ce ko Farfesa Bello Shehu ya karya doka da ya ƙi bayyana Abba ranar 11 ga Maris, amsata a'a ce. Da alƙaluman da aka ajiye a gabansa, babu abin da zai yi da ya wuce haka. Baturen zaɓe na jiha mai haɗa lissafi ne. Abin da aka kawo masa daga ƙananan hukumomi shi yake tarawa. Da ya bayyana Abba a ranar, APC ce za ta tafi kotu da hukuncin Faleke a hannu, kuma da wuya ta faɗi.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci, wadda mutane ba su cika yi ba, ita ce: ta yaya ƙuri'un da aka soke suka kai wannan yawan, kuma wa ya amfana da sokewar?

A nan sai ka fahimci yadda sakamako yake tafiya. A rumfa ake ƙirga ƙuri'a a gaban kowa, jami'in rumfa, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne, ya cike takardar da ake kira EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a ba ɗan sanda nasa. Daga nan a kai cibiyar mazaɓa a haɗa a EC8B, a wuce ƙaramar hukuma a haɗa a EC8C, sai jiha a EC8D. Kano tana da mazaɓu 484. A kowane mataki akwai ɗan Adam riƙe da biro, kuma a matakin rumfa da na mazaɓa ne ake yawan rubuta cewa an soke. Idan 'yan daba suka fasa akwati, an soke. Idan aka samu aringizo, an soke. Idan aka tsallake na'urar tantance kati, ana iya sokewa. A 2019, kowace rumfa da aka soke, ba ƙuri'un da aka jefa a cikinta ake ƙirgawa ba, duk masu rajistarta ake ɗauka a zuba a ma'aunin da za a gwada da tazara, har da wanda ya mutu, da wanda ya ƙaura, da wanda bai taɓa karɓar katinsa ba. Ka ga ke nan ma'aunin yana kumbura fiye da gaskiya. A zaɓen da jam'iyyu biyun suka haɗa ƙuri'a miliyan biyu daga cikin masu rajista miliyan biyar da rabi ba kaɗan, ka san ko rabin mutanen ba za su fito ba, amma ƙa'idar tana lissafi kamar kowa zai fito.

Illar wannan ita ce ƙa'idar tana saka wa mai ɓarna da alheri. Wanda ya ga alamar faɗuwa, ba sai ya ci zaɓe a ranar ba. Abin da yake buƙata kawai shi ne a lalata rumfuna masu yawan da zai haura tazara, ya sayi mako biyu. Wannan magana ba a kan wata jam'iyya ɗaya nake yin ta ba, kowace jam'iyya da ta samu kanta a wannan hali ta san wannan lissafi.

A Kano, sunan da ya fi fitowa shi ne Gama, mazaɓa mai cunkoson jama'a a ƙaramar hukumar Nasarawa. Nasarawa ce ƙaramar hukuma ta ƙarshe da ake jira. Cikin daren da ake tattara sakamakonta aka samu hargitsi a cibiyar, aka yaga takardu, har 'yan sanda a ƙarƙashin kwamishina Muhammad Wakili, wanda Kanawa suka laƙaba wa Singham, suka tafi da mataimakin gwamna Nasiru Yusuf Gawuna da kwamishinan ƙananan hukumomi Murtala Sule Garo, daga baya aka sake su. Ɓangaren gwamnati ya musanta cewa su suka yaga. Hukumar zaɓe ta iya sake haɗa sakamakon sauran mazaɓun Nasarawa daga kwafin da ke hannu, amma na Gama aka ce sai an sake. A ra'ayina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a yi wa hukumar tambaya. Tunda an ƙirga a rumfuna, an cike EC8A, kowane wakili yana da kwafi, 'yan sanda suna da nasu, yaga takarda a cibiyar tattarawa bai kamata ya kashe ƙuri'ar da aka riga aka jefa lafiya ba. PDP ta yi wannan ƙorafi. Sai dai ka riƙe cewa Gama ba ita kaɗai ba ce, an soke rumfuna a ƙananan hukumomi sama da ashirin.

Tsakanin 11 da 23 ga Maris, Gama ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Aka shigo da motocin aikin titi, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka kwashe shara. Mutanen unguwa suna ta barkwanci cewa Allah ya ƙaro inkonkulusib. Wannan ma wani ɓangare ne na matsalar: zaɓen jiha guda mai mutum miliyoyi ya koma zaɓen 'yan rumfuna ɗari biyu da wani abu, kuma kowa ya san adadin da ake nema. Kuɗi, da jami'an tsaro, da 'yan jagaliyar jihar duka, da waɗanda aka ɗebo daga waje, sai su taru a wuri ƙanƙani. Wanda yake riƙe da gwamnati ya fi kowa iya tara su.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne maganar babanka take da nauyi. A ranar ƙarashe jam'iyyu biyun sun haɗa ƙuri'a 56,115. Don Ganduje ya cike gibin 26,655 daga cikin wannan adadi, sai ya samu kusan kashi 74 cikin ɗari. Ya samu kusan kashi 82. A zagayen farko, idan ka haɗa ƙuri'unsu su biyu, kashi 49 da 'yan kai ya samu. Mutumin da bai kai rabi ba ranar 9 ga wata, ya tashi da fiye da huɗu cikin biyar ranar 23. A Gama kanta, wadda take cikin ƙaramar hukumar da Abba ya yi rinjaye sosai a sauran mazaɓunta, APC ta ninka PDP kusan sau uku.

Adalci ya sa in faɗi abin da ɗaya ɓangaren zai ce. Rumfunan da aka soke ba samfurin jihar ba ne. Da yawa a karkara suke inda APC take da ƙarfi, kuma 'yan APC suna cewa dama rumfunansu ne abokan hamayya suka lalata tun farko. Haka kuma gwamna mai ci da aka tsorata yana iya zage damtse cikin mako biyu, ya sasanta da waɗanda suka yi fushi, ya fito da mutanensa da suka yi sakaci a karon farko. Duk wannan yana iya ɗaga kashi 49 zuwa 55 ko 60. Amma zuwa 82, ni dai ban ga yadda lallashi kaɗai zai kai shi can ba. Sannan ba lissafi kaɗai muke da shi ba. Tawagar sa ido ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa a wasu sassan Kano gungun mutane ɗauke da makamai sun tsoratar da masu zaɓe, jami'an tsaro ba su kare su ba, kuma masu sa idon da 'yan jarida sun kasa shiga wasu wurare. Ƙungiyoyin sa ido na cikin gida sun faɗi makamancin haka. Tun rana ba ta faɗi ba PDP ta nemi a soke ƙarashen gaba ɗaya. Hukumar ba ta soke ba, washegari 24 ga Maris aka bayyana Ganduje.

Wani abin lura: a zagayen farko rikici ya isa dalilin soke rumfa. A ƙarashe, inda masu sa ido suka ce rikicin ya fi muni, sakamakon ya tsaya. Ma'auni biyu aka yi amfani da su a zaɓe ɗaya.

To me ya sa kotuna suka tabbatar? Wannan ita ce hujjar kawunka, kuma gaskiya ya faɗa. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Halima Shamaki ta kori ƙarar Abba ranar 2 ga Oktoba 2019. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayanta. Kotun Ƙoli ta rufe maganar ranar 20 ga Janairu 2020. Amma ka fahimci abin da kotun zaɓe take yi. Ba ta binciko wanda ya ci da kanta. Tana ɗaukar sakamakon da hukuma ta bayyana a matsayin sahihi, sai mai ƙara ya rushe shi da hujja. Kuma hujjar da ake nema mai nauyi ce: rumfa bayan rumfa, da shaidan da ya tsaya a rumfar ya gani da idonsa, ba wanda aka ba labari ba. Idan ka yi zargin aikata laifi kamar tashin hankali ko ƙirƙirar sakamako, sai ka tabbatar da shi yadda babu kokwanto, kamar a shari'ar laifi. Bayan haka sai ka nuna cewa ɓarnar ta kai yawan da ta canza sakamako. Duk wannan cikin kwana 180 da sashe na 285 ya ba kotun, bayan kwana 21 na shigar da ƙara. Ga wahalar: idan an kori wakilinka daga rumfa da gora, wa zai zo ya ba da shaidar abin da aka rubuta bayan tafiyarsa? Sannan a lokacin, na'urar tantance kati ba ta cikin dokar zaɓe, a ƙa'idojin hukuma kawai take, kuma Kotun Ƙoli ta riga ta yanke tun shari'o'in zaɓen 2015 cewa rahotonta ba zai maye gurbin rajistar masu zaɓe ba wajen tabbatar da aringizo. Gyaran dokar da zai ba ta ƙarfi, Shugaba Buhari ya ƙi sa masa hannu a ƙarshen 2018, yana cewa zaɓe ya matso. Don haka hukuncin kotu yana nufin mai ƙara bai cika ma'aunin hujja ba, kuma inkonkulusib ɗin yana bisa ƙa'ida. Bai zama shaidar cewa ranar 23 ga Maris lafiya lau aka yi ba.

Abin da ya faru a Kano da sauran jihohi a 2019 ya bar tabo a dokar da ta biyo baya. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu na shekarar, ta canza ma'anar aringizo: aka koma gwadawa da yawan waɗanda aka tantance, ba da masu rajista ba. Ta ba na'urar tantancewa matsayi a doka, wanda ya buɗe wa BVAS, sabuwar na'urar tantance masu zaɓe, hanya. Ƙa'idojin hukumar na 2022 kuma suka rage kumburin ma'aunin da na faɗa maka, aka koma gwada tazara da yawan waɗanda suka karɓi katin zaɓe a rumfunan da abin ya shafa. An kuma ba hukumar ikon sake duba sanarwar da aka yi bisa tilas cikin kwana bakwai. Gyara ne na gaske, amma bai kashe inkonkulusib ba. A 2023 an yi shi a Kebbi da Adamawa, inda a Adamawa har kwamishinan zaɓe Hudu Yunusa Ari ya tashi ya bayyana Aishatu Binani alhali ba shi ne baturen zaɓe ba kuma ba a gama tattarawa ba, hukumar ta soke sanarwarsa, Fintiri ya ci.

Ita kuwa Kano a 2023 ta kauce wa tarkon ne da girman tazara. Ranar 18 ga Maris, Abba a NNPP ya samu 1,019,602, Gawuna a APC ya samu 890,705, tazara 128,897. 'Yan APC sun nemi a ce bai kammala ba, baturen zaɓe ya bayyana Abba. Ka dubi wani abin mamaki: ƙuri'un Abba kusan ba su motsa ba tsakanin 2019 da 2023, miliyan ɗaya da dubu goma sha ko ashirin da wani abu. APC ce ta sauko daga 987,819 na zagayen farkon 2019 zuwa 890,705. Sai faɗan ya koma kotu ta wata ƙofa. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun zaɓe ta zare wa Abba ƙuri'a 165,663 bisa cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata, abin da ya mayar da shi 853,939, ta ce Gawuna ne ya ci. Kotun Ɗaukaka Ƙara a Nuwamba ta ƙara da cewa Abba ba ɗan jam'iyyar ba ne lokacin da aka tsayar da shi. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a John Inyang Okoro ya karanta, ta mayar masa da ƙuri'unsa, ta ce zama ɗan jam'iyya harkar cikin gidan jam'iyya ce. Na kawo maka wannan ne don ka ga mutanen da suka ce a 2019 kotu ta gama magana, su ne a 2024 suka ji zafin kotu, waɗanda kuma suka zagi Kotun Ƙoli a 2020 su ne suka fito murna a 2024.

Idan ka koma gida, ga yadda zan so ka sa musu maganar. Ka ce wa kawunka ya yi daidai cewa ƙin bayyana Abba ranar 11 ga Maris doka ce, an yi wa wasu kafin shi, kuma jam'iyyar Abba ta lokacin, wato PDP, ita ma ta ci moriyar irin wannan ƙarashe a Sakkwato da Bauchi. Sannan ka tambaye shi yadda kashi 49 ya zama 82 cikin kwana goma sha huɗu, da dalilin da ya sa aka hana masu sa ido shiga. Ka ce wa babanka zarginsa yana da tushe, amma ya daina ɗora shi a kan farfesan da ya karanta lissafi, ya mayar da shi kan waɗanda suka sa aka soke rumfuna a daren 9 da 10 ga Maris, da waɗanda suka tsare hanyar rumfa ranar 23. Kuma ka gaya masa cewa babu wanda zai iya rantsuwa cewa da an yi ƙarashen cikin lumana Abba ne zai ci, sai dai lissafi yana gefensa: mai tazarar 26,655 yana buƙatar kashi 27 cikin ɗari kawai na ƙuri'a 56,115 don ya tsira, shi kuwa kashi 18 aka rubuta masa.